Almu Tela da Faifan Sola

A shekarar da soja suka ce za su tattara nasu ya nasu su koma bariki, kowa a Ƙofar Sauri ya wayi gari da abin da yake so ya zama. Mai shayi na hangen sakataren jam'iyya, mai faci na hangen ma'aji. Almu Tela kuwa kujera ɗaya ya ƙwallafa wa rai, ita ce shugabancin kwamitin wutar unguwa, wanda sabon kansila Alhaji Babaji ya ce zai kafa da zarar an rantsar da gwamnatin farar hula.

Almu tela ne, amma ba mutane yake yi wa sutura ba, kaya yake yi wa. A garin nan ba a barin abu mai tsada tsirara. In mutum ya sayi babur sai an yi wa sirdin riga, in rediyo ce sai an yi mata, haka talabijin, haka kujerun falo, har filas ɗin shayi. Duk wannan aikin Almu ne, kuma tsakani da Allah ya iya. Sai dai ba abin da ya tsana kamar a ce masa tela. Tun da ya taɓa riƙe wa masu haɗa waya tsani na kwana tara a wani gida a GRA ya laƙaba wa kansa Injiniya, kuma duk wanda ya manta da wannan suna, to kayansa sai sun yi wata guda a shago.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Malam Sammani. Dattijo ne da ya shekara talatin yana gyaran wuta, ba ya da yawan magana, goronsa kawai yake ci. Unguwa duka ta ɗauka kujerar tasa ce, shi kuwa ko nemanta bai yi ba. Wannan rashin neman ya fi komai ƙona wa Almu rai.

Wata Laraba sai aka nemi Almu aka rasa. Da la'asar sai ga shi an sauke shi daga motar Jibiya, babu babur ɗinsa, yana rungume da wani faifan gilashi mai duhu-duhu, tsawonsa kamar ƙyauren ɗaki. Babur ɗin ya bayar aka ba shi faifan. Mutumin da suka yi musanyar ya so ya yi masa bayanin yadda ake aiki da shi, Almu ya ɗaga masa hannu ya ce ya adana yawunsa, da injiniya yake magana.

A gindin bishiyar bedin da majalisar unguwa ke zama ya jingine shi. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da zafin gari, sai ya gyara murya ya ce wannan shi ne sola. Rana yake sha ya haifi wuta. Daga yau shi da masu kawo wuta sai dai gaisuwa a hanya. Ya ce Turawa ma ba su daɗe da gane sirrin ba, kuma da ya samu kayan aiki tun yana GRA, da ya riga su.

Alhaji Babaji na wurin. Shi ma yana da tasa damuwar, don katin gayyatar bikin rantsuwa da yake ta cewa yana hanya har yanzu bai iso ba, unguwar kuma ta kwana shida ba wuta. Almu ya san da haka. Ya juya gare shi ya ce ranar Asabar ta sama, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, a ƙofar gidansa za a kalli rantsar da sabon shugaban ƙasa.

"Injiniya, magana ce ka yi gaban mutane hwa," in ji Alhaji Babaji. "In na ga rantsuwag ga da idona a ƙohwar gidanka, kujera taka ce. In ban gani ba, kada ka ƙara tada mani zancenta."

Almu ya ce a rubuta a ajiye. Malam Sammani ya matso ya duba bayan faifan, ya ce abu ne mai kyau, Allah Ya sa albarka. Almu ya ji wannan addu'a kamar zagi.

Washegari ya ce zai fara da yanke hulɗa da tsohuwar wuta, kuma a bainar jama'a zai yi. Ya aro tsani, ya hau da almakashinsa na yankan leda, ya yi ɗan jawabi daga sama, ya datse waya. Ya sauko ana tafi. Sai da aka kawo wuta da yamma aka ga gidan Almu ya haska, gidan maƙwabcinsa Garba direba kuwa shiru. Garba ya fito da ɗan kamfai da singileti yana tambayar wane marar aikin yi ne ya taɓa masa waya. Almu ya ce gwaji ne, ana fara yi da layin kusa kafin a zo na gida. Malam Sammani ya hau ya ɗaure wayar Garba. Almu ya sake hawa ya yanke tasa, wannan karon daidai. Firjin matarsa Baraka, wanda take sanyaya zoɓon sayarwa a ciki, ya yi wani ɗan nishi ya tsaya.

Baraka ba mace ce mai hayaniya ba, amma bakinta akwai kaifi. Ta tambaye shi zoɓon da ta dafa tukunya biyu fa. Ya ce ta yi haƙuri, nan da kwana biyu ƙanƙara za ta riƙa rabawa sadaka. Ta ce to, ta ji, kafin nan sai ya shanye wanda ya yi tsami.

Sai hawa da faifan saman soro. Gidan Almu ginin ƙasa ne na gado, rufinsa azara ce da yaɓe, kuma rabonsa da gyara tun kafin auren Baraka. Garba ya ce a ɗora abin kawai a danne da duwatsu. Almu ya ce wannan aikin direbobi ne, injiniya girke abu yake yi. Ya ɗauki diga ya shiga haƙa ramuka huɗu a kan rufin ɗakin matarsa. A rami na uku ƙasa ta buɗe, ƙafarsa ta dama ta zurma har cinya.

A lokacin Baraka na ciki da mata uku da suka zo yi mata barka da arzikin sola. Suka ɗaga kai suka ga ƙafa tana lilo a saman jeren kwanukanta, takalmin ya faɗo cikin kwalla. Wata ta yi salati. Baraka ta dubi ƙafar ta ce su kwantar da hankalinsu, ta san ta, ta maigidan ce. Sai da Garba da mutum biyu suka kama shi ta hammata suka zaro shi kamar rogo. Yana fitowa ya ce dama yana neman inda zai ratsa da waya, ga shi Allah Ya kawo sauƙi.

Da aka gama girkawa ya haɗa waya daga faifan zuwa wani ƙwan fitilar mota, ya rataye a zaure. Ikon Allah, ƙwai ya kama. Almu ya fita titi yana kiran mutane. Aka yi ta shigowa da tsakar rana ana kallon fitila tana ci, alhali hasken da ke shigowa ta ƙofa ya fi nata. Rana na yin sanyi ita ma ta yi sanyi, kafin a kira magariba ta mutu murus. Kwana biyu ana haka. 'Yan majalisa suka sa mata suna fitila mai tsoron duhu. Mai shayi ya ce shi ma zai sayi irinta, don ya daɗe yana neman abin da zai haska masa rana.

Malam Sammani ne ya tare shi a hanyar masallaci, ya ce masa a hankali, ba gaban kowa ba, abin batir yake so. Faifan shi ke jawo wuta, batir ke ajiye ta.

"Ai na sani, Malam," in ji Almu. "So nike in ga ko akwai mai ganewa cikinku."

"To Alhamdu lillahi, mun ci jarrabawa."

Daga nan gidan Garba ya nufa. Garba yana da wata a-kori-kura da ta shekara a kan duwatsu, batirinta ne kaɗai ke da sauran rai. Da ƙyar ya bayar, bayan Almu ya yi alkawarin in ya hau kujera layin Garba ne na farko a komai. Aka haɗa. Ranar Litinin faifan ya wuni yana shan rana, da la'asar aka kunna ƙaramar talabijin baƙi-da-fari mai aiki da batir, sai ga mutum a ciki yana karanta labarai.

Gaskiya ranar Almu ya ci gari. Har masu yi masa dariya suka yi tsit. Alhaji Babaji ya leƙo ya gani, ya kira shi Injiniya sau uku a zama ɗaya. Da a nan Almu ya tsaya ya naɗe hannu, da kujera ta zama tasa ba gardama. Amma Almu bai taɓa ganin abu yana tafiya daidai ya ƙyale shi ba.

Ranar Talata da hantsi ya hau soro don ya gai da faifansa, sai ya tarar da shi ja wur. Baraka ta shanya barkono a rabi, kuɓewa a rabi. Ya ƙwala mata kira. Ta ce ita ba ta taɓa samun wurin shanya mai tsabta da zafi irin wannan ba, tunda an kashe mata firji ai sai ta mori wani abu. Ya kwashe shanyar yana faɗa yana atishawa. Da ya sa tafin hannu zai share gilashin, zafi ya sa ya janye da sauri yana yarfe yatsu.

Nan ya tsuguna ya shiga nazari, kuma nazarin Almu shi ne masifar Almu. Ya ce a ransa wannan zafi alama ce ta ƙoshi. Abin ya sha rana kwana da kwanaki, ya cika har wuya. Zancen Sammani na cewa batir ke ajiya, wannan hassada ce, ina ɗan akwatin Garba zai ɗauki rana? A cikin faifan take. Kuma shi ya fi kowa sanin abin da ranar Katsina ke yi wa kaya. Sirdin babur nawa aka kawo masa sun tsattsage? Ga tantabaru suna ta yi masa kashi a kai, ga Baraka da barkononta. Abin da ya ba da babur sukutum a kansa, yana kwance tsirara a saman soro, gari na gani. Kunya ta kama shi. Wato duk unguwa na cewa ya yi wa rediyon kowa riga ya bar nasa.

Ya sauko ya ɗauko tef, ya koma ya auna. Wuni guda keken ɗinkinsa bai huta ba. Ya sa baƙar leda mai kauri a ciki don kada abin da faifan ya sha ya tsere. Ya bi da soso. Ya rufe da koren karan-miski, ya zagaye da geza ruwan zinariya, ya yi masa igiyar zuge ta baya. A tsakiya ya ɗinka sunan Alhaji Babaji da manyan baƙaƙe, a ƙasa ya sa nasa, da Injiniyarsa.

Baraka ta tsaya a kansa tana kallo.

"Malam, wanga abu ba rana yake ci ba?"

"Ita yake ci."

"To mi zai ci in ka ruhe mashi baki?"

"Ke in kin cika randa, buɗe kike barinta?"

"Randata ba a kunna mata talabijin."

Ya ce ilimin wuta ba na tsakar gida ba ne, ta je ta ji da kuɓewarta. Ta ce ta tafi, Allah Ya ba injiniya sa'a.

Laraba da Alhamis da Juma'a, faifan na lulluɓe a sama kamar ango, Almu kuma kullum la'asar sai ya fito da talabijin ya tara jama'a. Ranar Alhamis hoton ya ɗan tsuke daga gefe. Ranar Juma'a mai karanta labarai ya gajarce, kansa ya baje. Almu ya ce daga tashar ne, suna tattalin ƙarfi saboda gobe. Malam Sammani kuwa ya tafi ƙauye ta'aziyya tun Talata, don haka ba wanda ya ɗaga kai ya yi tambaya. Masu ɗaga kan ma yabon ɗinkin suke yi.

Asabar ta zo, ba wuta a unguwar kamar yadda aka saba. Tun da hantsi ƙofar gidan Almu ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, mata sun cika zaure suna leƙe, mai shayi ya kwaso tebur ɗinsa ya dawo nan. Almu ya sha babbar riga, ya soke abin gwada wuta a aljihun gaba inda kowa zai gani. Alhaji Babaji ya iso da mutanensa, aka nuna masa saman soro. Da ya hango sunansa yana ƙyalli cikin rana, ya yi murmushi ya ce lallai unguwa ta samu mutum. Malam Sammani, wanda saukarsa ke nan daga mota, ya bi yatsan mutane da kallo. Ya daina tauna goro. Ya buɗe baki zai yi magana, Almu ya ce a yi shiru, za a kunna.

Aka kunna. Hoto ya fito, sai dai bai fi tafin hannu ba, a tsakiyar gilashi. Manyan ƙasa suka bayyana ƙanana ƙanana kamar 'yan tsana. Mutane suka matso suna tura juna. Aka yi taken ƙasa, murya na shaƙewa. Alƙali ya miƙe, sabon shugaba ya matso ya ɗaga hannu. Daidai nan hoton ya tsuke ya koma ɗigo ɗaya fari, ɗigon ya yi ɗan jim, ya ɓace.

Almu ya ce kada kowa ya motsa, ƙaramin abu ne. Ya mari talabijin ta dama, ya mare ta ta hagu. Ya murɗa eriya har ta ɓalle a hannunsa. Ya ce gajimare ne. Kowa ya ɗaga kai, sama fes, rana kamar ta fasa kai. Ya ce to batirin Garba ne. Garba ya miƙe ya ce kada ya kuskura, batirinsa da ransa ya bayar. Sai Almu ya rage murya ya ce shi dama ya yi zargin haka, sojoji ne suka katse daga can, ba su son sauka.

Wannan magana ta kusa tada hankali. Wani tsoho ya fara salati, mutanen kansila suka fara duban hanya. Alhaji Babaji ya cire hularsa ta siyasa ya tura aljihu. Allah Ya sa mai shayi na da ƙaramar rediyo, ya kunna, aka ji ana ta buga bindigar girmamawa, mai sharhi na cewa an gama rantsuwa lafiya, ƙasa ta koma hannun farar hula. Alhaji ya zaro hular ya mayar, fuskarsa kamar hadari.

"Almu," in ji shi. Babu Injiniya. "Wata shida ina yawon neman ƙuri'a don ranag ga. Mi na gani?"

"Alhaji, ai ka ga ɗaga hannun."

"Na ga ɗigo."

Malam Sammani ya tofar da goronsa, ya naɗe ƙafar wando, ya kama tsani. Dattijo ya hau a hankali, jama'a na kallo. Ya daɗe yana fama da igiyar zugen, don Almu ya ɗaure ta ɗaurin gaske. Da ya kwance, ya yaye rigar, ya ninke ta da ladabi, ya sauko da ita a kafaɗa. Bai taɓa waya ko ɗaya ba. Ya ce a kashe talabijin a ba abin ɗan lokaci.

Aka zauna ana jira, ba mai kallon Almu kuma ba mai kallon wani wuri. Daga cikin zaure aka ji muryar Baraka tana gaya wa mata cewa ita ba ta san ilimin wuta ba, na tsakar gida ta sani. Bayan kamar rabin sa'a Malam Sammani ya murɗa. Hoto ya cika gilashi tangaran. Sai dai filin bikin ya watse, wasu mutane ne ke kwashe kujeru.

Dariyar da aka yi ranar, har daga hasumiyar Gobarau wasu suka ce sun ji, ko da yake wannan ƙari ne irin na 'yan majalisa. Almu ya ce ai ga shi abinsa na aiki, sauri ne kawai mutane ke da shi. Ya ce ko a Turai sai an rufe. Mai shayi ya tambaye shi ko can ma da geza ake yi. Garba ya durƙusa ya fara kwance batirinsa.

Alhaji Babaji bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu Malam Sammani ya ba shi rigar. Ya warware ta a cinyarsa, ya shafa karan-miskin, ya juya ya duba ɗinkin ciki, ya ja gezar bai ga ta motsa ba. Ya daɗe yana kallon sunansa.

"Wanga aiki, kai ka yi shi da hannunka?"

Almu ya ga kamar ƙofar da ta rufe ta ɗan buɗe. Ya gyara babbar rigarsa ya ce shi ya yi, wuni guda, ba wanda ya kama masa.

"Ban taɓa ganin irinshi ba," in ji Alhaji. "Kujerar kwamiti na nan ohis ɗina, ta katako ce. Litinin ka taho da tef ɗinka ka auna ta. Malam Sammani dattijo ne, bai kamata ya zauna bisa icce tsirara ba."

Almu ya zare abin gwada wutar daga aljihun gaba, ya ɓoye shi cikin riga. Sai da ya ba wasu tausayi.

Litinin ya je da tef ɗinsa. Ofis ba kowa, kujerar na tsakiyar ɗaki. Ya auna baya, ya auna hannuwa, sannan ya waiga, ya zauna a kanta don ya ji zurfin mazaunin. Bai gama jingina ba aka yi sallama a bakin ƙofa. Malam Sammani ne. Almu ya miƙe da sauri, ya kaɗe wurin da hannun rigarsa, ya tambaye shi kore yake so ko ruwan ƙasa.